Cikar Ma'auni Ba Shaidar Lafiya Ba Ce: Martani Kan Man Giyar Injin Jirgi

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, wanda alƙalaminsa ba baƙo ba ne ga masu karatu a Zangon Kumasi, ya yi rubutu a kan jiragen da ke jigilar mutane da kaya a tafkin Volta, har ya taɓo maganar man giyar da ke cikin ƙafar inji, wato wannan ɓangaren da ke nutse a ruwa yana juya farfela. Abin da wannan Malam ya tafi a kai shi ne, raguwar wannan mai ba abin tayar da hankali ba ne, domin a ganinsa kowane inji yana shan mai. Matuƙi ya leƙa, in ya ga ya ragu ya ƙara, ya ci gaba da neman abincinsa. Kwance ƙafa da auna ta da neman inda mai ya bi, duk ya ɗauke su a matsayin tsirfar masu jiragen shaƙatawa na Turai da Amurka, waɗanda ke da kuɗin ɓatarwa. Ya kuma kafa hujja da cewa abin da ke cin rayuka a tafkin nan lodi ne fiye da ƙima da kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa. Babu shakka tausayin talaka mai jirgi ne ya sa shi wannan magana, kuma a kan lodi da kututture ina tare da shi. Amma shawarar da ya bayar a kan mai kuskure ce, kuma irin kuskuren da in an bi shi ba ya nuna kansa sai jirgi ya yi nisa da gaɓa.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa mutumin Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango da ƙafar injin jirgi, alhali Kumasi ba garin bakin kogi ba ne. Amsar tana kan hanyar da ta tashi daga Kumasi ta bi Mampong da Ejura da Atebubu ta dire a Yeji. Tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayarin Hausawa ke sauka a Salaga, Yeji mahaya ce. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya shafe dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Kete Krachi, ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, mahayar da a da kogi ce ta koma kamar teku. Yau kifin banda da doya da gawayi da dabbobin da ke shigowa kasuwannin Kumasi, da yawansu sai sun hau jirgin katako mai injin ratayawa kafin su hau mota. Iyayenmu mata masu sarin kifi suna cikin waɗannan jirage, 'yan'uwanmu masu fataucin dabbobi suna ciki. Sannan in inji ya lalace a Yeji ko Makango, sau da yawa Magazin ɗin Suame da ke Kumasi ake dosa neman kayan gyara, inda yaran Zango suka cika rumfuna da gareji. Shawarar da aka bayar a Kumasi tana iya zama al'ada a bakin tafki, shi ya sa ba ta cancanci a yi mata shiru ba.

Tushen kuskuren Malam yana cikin wannan jumla tasa cewa kowane inji yana shan mai, kuma ana iya gane inda ta samo asali. Yawancin injunan da ke tafkin irin waɗanda ake haɗa musu fetur da mai ne, kamar Yamaha mai ƙarfin doki 40 da masunta suka fi sani, waɗanda ke aiki da firimis ɗin da gwamnati ke sayar wa masunta da rangwame. A irin wannan inji, mai yana shiga tare da fetur ya ƙone ya fita da hayaƙi, don haka mutumin da ya tashi a kansa ya saba da cewa mai abu ne mai ƙarewa. To amma man ƙafa daban yake, gidansa ma daban. Ƙafa akwati ce rufaffiya, babu wuta a cikinta, babu tartsatsin fulogi, babu bututun hayaƙin da ya ratsa cikin man. Abin da ke ciki sanda ce da ta sauko daga kan inji, a ƙarshenta ƙaramar giya, ita kuma tana cizon manyan giya biyu, ta gaba da ta baya, su karkata ƙarfin zuwa sandar farfela. Inji na juyawa wajen sau dubu biyar a minti idan an ba shi wuta, giyar ta rage gudun zuwa kusan rabi, kuma duk wannan ƙarfi yana bi ta kan 'yan haƙoran ƙarfe da ba su fi yatsa ba. Man da ke tsakaninsu a injin doki 40 bai kai rabin lita ba. Ba ya ƙonewa, ba ya tashi kamar fetur. Saboda haka in ya ragu, fita ya yi, kuma duk abin da ya fita daga rufaffiyar akwati sai da ya samu ƙofa.

Ƙofofin nan sanannu ne, ba su da yawa. Akwai robobin sil da ke kewaye da sandar farfela, galibi biyu a jere. Akwai waɗanda ke kan sandar da ta sauko, a ƙarƙashin famfon ruwan da ke sanyaya inji. Akwai ƙaramin sil a kan sandar canza giya. Akwai washa guda biyu a ƙarƙashin notin sama da notin ƙasa, inda ake zuba mai da zubar da shi. Sai kuma tsaga a jikin akwatin kanta idan ta daki abu mai ƙarfi. Abin da Malam bai lura da shi ba shi ne, waɗannan ƙofofi duk a cikin ruwa suke, kuma ƙofar da ta bar mai ya fita ba ta hana ruwa shiga. Lokacin da jirgi ke tafiya, man yana zafi, 'yar iskar da ke saman akwatin ta kumbura ta tura mai waje ta raunin sil. Da an kashe inji a mashaya, ruwan tafki ya sanyaya ƙafar, iskar ta tsuke, akwatin ta shiga zuƙar abin da ke kusa da ita, abin da ke kusa da ita kuwa ruwa ne. Kullum aka tashi aka sauka, ɗan mai ya fita, ɗan ruwa ya maye gurbinsa. Sakamakon shi ne matuƙin da ya buɗe notin sama don ya duba, kamar yadda aka shawarce shi, zai iya tarar da ma'auni a cike taf, ya yi hamdala ya mayar da noti, alhali rabin abin da ke ciki ruwa ne. Lamarin kamar nonon da aka yi wa algus ne: ƙwarya tana cike, mai saye ne kawai ya yi asara. A nan hujjar Malam ta rushe ta fuska biyu. Raguwa alama ce ta ɓaraka da ƙari ba ya toshewa, cika kuma ba ta wanke ƙafa daga zargi.

Abin da ke faɗin gaskiya shi ne kamannin man, kuma karanta shi ba ya buƙatar na'ura. A bar inji a tsaye ya kwana, da safe a sa farin kwano ko murfin roba a ƙasa, a sassauta notin ƙasa kaɗan yadda ɗigo zai fito. Ruwa ya fi mai nauyi, in ya samu lokaci yakan kwanta a ƙasa, don haka in ɗigon farko ruwa ne tsararo, magana ta ƙare. In man ya fito fari-fari ko ruwan toka mai kauri, launin shayin da aka cika wa madara, to giya ta riga ta dama shi da ruwa. In ya fito baƙi ƙirin yana ƙaurin ƙonewa, ya daɗe ko ya yi zafin da ya wuce ƙa'ida. A yawancin injuna kan notin ƙasa akwai maganaɗisu. Ɗan laushin garin ƙarfe a jikinsa, wanda in an murza tsakanin yatsu ba ya suka, ba abin damuwa ba ne, sabon inji ma yana yin sa. Amma in aka ga ɓurɓushi mai ƙyalli, ko 'yan ɓalle-ɓalle masu kaifi da farce ke ji, to haƙorin giya ko boris ya fara ci, kuma babu yawan man da zai mayar da ƙarfen da ya zube. Akwai ma wani ruɗani da ya kamata a warware, domin yana sa wasu zargin abin da ba shi da laifi su bar mai laifi. Injuna da yawa suna fitar da hayaƙi ta tsakiyar farfela, don haka baƙin maiƙon da ke ɗiga daga wurin bayan an ɗaga inji sau da yawa ragowar man firimis ne da bai ƙone ba. Hanci ne ke raba gardama: man giya yana da wari mai ƙarfi irin na farar wuta, wanda duk yaron da ya taɓa kwance giyabos a Magazin ba zai manta da shi ba.

Hujjar Malam mafi ƙarfi, wadda ya kamata a ba ta haƙƙinta, ita ce wadda ya ɗauko daga manyan jiragen shaƙatawa irin waɗanda ake gani a Ada da Akosombo. Wasu daga cikinsu injinsu a cikin jirgi yake kamar na mota, ƙafar kaɗai ce ke waje ta bayan jirgin, tsarin da kamfanin Volvo Penta ya fito da shi kasuwa a 1959, MerCruiser kuma ya biyo baya ba da daɗewa ba. A yawancin na MerCruiser akwai kwalbar roba a ɗakin inji wadda siririn tiyo ya haɗa ta da ƙafa, mai jirgi yana ganin matakin man da idonsa, wasu ma har da ƙararrawa idan ya yi ƙasa. Malam ya ce masu irin waɗannan jirage sun san cewa man kwalbar yana hawa yana sauka, kuma makanikansu kan ce musu su ƙara kawai. Wannan gaskiya ne, amma gaskiya ce mai iyaka. Man yana hawa kaɗan idan ya yi zafi, ya koma idan ya huce, wannan numfashi ne ba asara ba. Yana kuma sauka bayan an canza shi, domin ƙafar irin wannan jirgi hawa biyu ce, akwai giya a sama akwai a ƙasa, kuma iska takan maƙale a lunguna lokacin zubawa. Da an yi tafiya ɗaya ko biyu iskar ta fice, mai daga kwalba ya sauka ya cike gurbinta, sai a ƙara sau ɗaya ko biyu, daga nan ya tsaya cak. Tsayawar ita ce shaida. In mako ya bi mako kwalba tana neman ƙari, to ba iska ba ce kuma. Ko dai man yana zuba cikin tafki ta sil ɗin farfela, ko yana ɗiga daga tiyon cikin ɗakin inji, ko kuma ya tsallake sil ɗin sama yana taruwa a cikin robar nan mai lanƙwasa da ke rufe gaɓar sandar da ta fito daga inji, inda ido ba ya gani sai an cire ƙafa. In kuwa kwalbar ta riƙa hawa har ta yi ambaliya ba tare da kowa ya ƙara ba, ko gindinta ya yi fari, ruwa ne ke turo man daga ƙasa. Kwalbar da Malam ya kawo don ta tsaya masa, an ƙirƙire ta ne domin mai jirgi ya lura da yadda mataki ke canzawa daga rana zuwa rana, ya yi tambaya. Mai injin ratayawa a Yeji ba shi da kwalba ba shi da ƙararrawa, don haka buƙatarsa ta buɗewa da dubawa ta fi ta attajirin Ada.

Ana iya cewa, kuma Malam ya faɗi makamancin haka, ai man giyar jirgi an yi shi ne yadda zai jure ɗan ruwa, sannan Turawa suna tsoron ruwa a ƙafa ne saboda a ƙasarsu yana daskarewa da hunturu ya fasa akwatin, mu kuwa ba mu da ƙanƙara. Kashi na farko daidai ne: ana sa wa man jirgi sinadaran da ke riƙe ɗan ruwa a cikinsa don kada ya ware ya kwanta a kan ƙarfe. Amma wannan tanadi ne na a kai gaɓa lafiya, ba izini ba ne na a yi wata da watanni a haka, musamman da yake ruwan ƙaruwa yake yi kullum. Kashi na biyu kuwa ya manta da abin da ke namu. Ba mu da ƙanƙara, muna da zafi da aiki ba hutu. Jirgin shaƙatawa a Turai yana iya shekara bai cika awa ɗari a ruwa ba, jirgin kasuwa a tafkin Volta kuwa yana iya cika ta cikin 'yan makonni, ɗauke da buhunan gawayi da doya, inji a buɗe tun safe. Masu ƙera waɗannan injuna sun ce a canza man ƙafa bayan awannin farko na sabon inji, sannan duk bayan awa ɗari. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin sau ɗaya a shekara ya auna kansa da ma'aunin wanda ba ya aiki irin nasa. Man da ruwa ya tsinka ba ya iya tsayawa tsakanin haƙori da haƙori a ƙarƙashin irin wannan nauyi, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. In kuma jirgi ya yi kwanaki a ɗaure, ruwan ya kwanta a kan boris ya haifar da tsatsa, tsatsar ta zama ramuka, ramukan su zama wannan kukan da matuƙi ke ji ya ce inji ne ya tsufa.

Yanzu maganar kututture da lodi, inda Malam ya fi jin ƙafarsa ta taka ƙasa. Gaskiya ne ba a sare dajin ba kafin ruwa ya rufe shi, kuma itatuwan suna nan tsaye har yau, wasu kansu a waje, wasu a ɓoye ƙasa da taku ɗaya. Gaskiya ne kuma manyan masifun da aka gani, kamar nutsewar jirgin da ya ɗauko mutanen da aka tasa daga yankin gandun Digya a watan Afrilun 2006, ba man giya aka ɗora wa alhakinsu ba. Ba na da'awar cewa man giya ne babban mai kisa a tafkin. Abin da nake cewa shi ne Malam ya raba abubuwa biyu da a zahiri igiya ɗaya ta ɗaure su. Farfelar da ta daki kututture, ko da ba ta karye ba, takan lanƙwasa sandarta kaɗan yadda ido ba zai gani ba. Sandar da ta karkace tana wujijjiga a cikin sil sau dubbai a minti har ta buɗe masa baki. Haka ma zaren roba na koma da na fatsa da ke yawo a ruwa saboda ragar da ta maƙale a itatuwan nan ta yage: yana naɗewa a bayan farfela, zafi ya narkar da shi ya zama kamar faifai mai kaifi, ya yanka robar sil a hankali. Wato dai tafkin da ya fi kowane yawan kututture da yagaggiyar koma shi ne tafkin da sil ya fi saurin mutuwa a cikinsa. Sannan a duba ƙarshen lamarin. Jirgin katako mai tsawo, cike da mutane da kaya, abin da ke ba shi ikon fuskantar igiyar ruwa da kauce wa itace shi ne farfelar da ke turawa, domin a injin ratayawa tuƙi da turawa abu ɗaya ne. Ranar da haƙoran giya suka zube, inji zai yi ta ruri a sama farfela ba ta motsi, iska ta juya jirgin ta ba igiyar ruwa gefensa, ta kora shi cikin itatuwa. In hadari ya taso a wannan sa'a, kamar yadda yakan taso ba sallama a farkon damina, washegari za a ce guguwa ce da kututture, kuma ba a yi ƙarya ba. Babu dai wanda zai tsamo injin daga ƙasan tafki ya buɗe notin ƙasa ya ga launin abin da ke ciki.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar rubutun Malam, kuma ba abin rainawa ba ce. Mai jirgi yana fama da tsadar mai, da ƙarancin firimis a wasu lokuta, da kayan gyaran da farashinsu ke bin dala, balle bayan faɗuwar da sidi ya yi a 2022. Amma idan aka yi lissafin da kyau, tausayin Malam ya faɗa a gefen da bai dace ba. A hannu ɗaya akwai man da bai kai rabin lita ba, da washa biyu, da sil idan ya mutu, da ladan bakanike na yini guda. A ɗaya hannun akwai giya uku da boris da wataƙila sanda, ko ƙafa sukutum, da kuɗin mota zuwa Kumasi da dawowa, da ranakun kasuwar da jirgi zai yi a ɗaure yaran jirgi suna zaune. Ƙari ba tare da gyara ba ma ba arha ba ne, domin mai ne ake saye ana zuba wa kifi. Mafi muni, wannan tunani na a ƙara kawai shi ne ke buɗe ƙofar a ƙara ko mene ne. Wanda ya ɗauka cewa cika ita ce manufa, ba zai ga laifin zuba baƙin man da aka juye daga mota ba, ko cusa giris. Man inji ba shi da sinadaran da ke hana haƙoran giya cin juna a ƙarƙashin matsi, wanda aka riga aka yi aiki da shi kuwa ya zo da dattinsa. Giris kuma giya takan yanka hanya a cikinsa ta bar shi manne a bango, ba ya komawa kan haƙori, ba ya hawa zuwa boris na sama. Abin da aka ce a zuba shi ne man giya mai lamba 90, wanda aka yi don jirgi in da hali.

Malam ya kuma nuna cewa makanikan bakin tafki sun fi kowa sanin aikinsu, bai kamata mutumin birni ya koya musu ba. Na yarda cewa akwai gwanaye a Yeji da Buipe da Dambai waɗanda ke gane ciwon inji daga sautinsa. Gwanayen nan ne ma za su fara shaida cewa kunne ba ya jin sil, sai bayan ɓarna ta kai ga ƙarfe. Gwajin da ke gano ɓaraka kafin nan bai fi ƙarfin rumfar bakin ruwa ba. A zubar da man duka, a ɗaura ƙaramin famfon hannu mai agogon auna iska a hudar noti, a ba shi iska kaɗan daidai yadda littafin injin ya ƙayyade, domin in ta yi yawa ita ma tana ture sil mai lafiya. A zuba wa allurar ido, ana juya sandar farfela da hannu ana motsa sandar giya. In allura ta sauka, a tsoma ƙafar a cikin baho ko a shafa ruwan sabulu, kumfa za ta nuna wurin. Bayan haka a juya gwajin, a zuƙe iskar maimakon turawa, domin akwai sil ɗin da ke riƙe mai daga ciki amma ya saki ruwa daga waje, kuma irinsa ne ke barin ma'auni a cike yana lalata giya. Zubawar ma tana da ƙa'idar da ake yawan karyawa. Daga hudar ƙasa ake tura mai, notin sama a buɗe, har sai ya ɓullo ta sama babu kumfa. Sai a fara ɗaure na sama, sannan a zare bakin robar a yi maza a ɗaure na ƙasa. Wanda ya ɗura ta sama ya kulle iska a ciki, ya ga kamar ta cika alhali da saura, kuma shi ne gobe zai ce inji ya sha mai. Washa kuwa sabuwa ake sawa kowane canji, a tabbatar tsohuwar ba ta maƙale a cikin huda ba, don washa biyu a kan juna yoyo suke yi kamar babu ko ɗaya.

Wani abu da ya fi duk waɗannan sauƙi shi ne cire farfela. Filaya da sifana ɗaya sun isa, kuma aikin bai kai tsawon lokacin da ake ɗauka ana loda buhu goma ba. Matuƙin da ya mayar da shi al'ada duk ranar da ba kasuwa, ya warware zaren da ya naɗe, ya juya sanda ya ga ko tana rawa, ya shafa giris a kanta ya mayar, ya toshe babbar hanyar da ruwa ke bi. Wanda kuma ya san ya daki itace a hanya, kada ya jira ranar canji, ya duba man a daren nan ko da safe.

Hukumar kula da sufurin ruwa ta Ghana, wadda aka kafa da dokar 2002, ta daɗe tana fama da lodi da rigar ceto a manyan mashayun tafkin, kuma wannan aiki ne da ba a gama ba. Ba sai an jira ta ba a kan abin da ke hannunmu. Ƙungiyoyin masu jirage, waɗanda ke tsara layi da karɓar kuɗin tasha, za su iya sayen famfon gwaji ɗaya su ajiye a wurin amintaccen bakanike, su kuma sa kowane jirgin fasinja ya riƙe ɗan littafin da ake rubuta ranar canjin mai da launin da ya fito da shi. Masu rumfunan kayan gyara a Magazin, in mutumin tafki ya zo sayen man giya karo na biyu cikin ɗan lokaci, su tambaye shi ina na farkon ya tafi, su haɗa masa da washa da sil, su gaya masa a gwada ƙafar kafin a zuba. Ita kuma Hajiya mai sarin kifi da ke ɗaukar shatar jirgi ɗaya shekara da shekaru, tana da bakin da za ta tambayi mai jirgin yaushe rabonsa da buɗe notin ƙasa, kamar yadda take tambayar direban motar Yeji lafiyar tayoyinsa kafin ta ɗora kwandunanta.